Takwas da Ɗigo Tara

Ba zan taɓa mantawa ba, wata ranar Asabar ce bayan an gama cire masara, na tsaya a filin wata firamare a Ikara, ga alli a hannuna, ga lasifika a bakina, ga 'yan acaba cike da fili, ina koya musu abin da ni kaina ban sani ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko a tsakiyar aji nake, sai in ji gumi ya tsattsafo mini a ƙeya.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare da ke yankin Kudan, gidana kuma yana Taba, saboda haka kullum ina kan babur. Ina da wani hali da gara in faɗa tun yanzu, wato idan na san abu, ba ya kwana a cikina. Da hantsi zan sani, kafin la'asar na samo wanda zan koya wa, yana so ko ba ya so. Maiɗakina ta ce ni kaɗai ta sani da zai tare mai tallan kankana ya yi masa bayanin yadda ake auna kewayenta, mutumin yana tsaye da tire a ka.

Wanda ke gyara mini babur tun ranar da na saye shi shi ne Baba Ilu, wani dattijon bakanike mai rumfa a gindin mangwaro a bakin hanya a Kudan. Aminin mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa. Shi ya riƙa gyara wa mahaifina tsohon babur ɗinsa, shi ne kuma ya riƙe mini kariya, wato mazaunin kaya na baya, ranar da na fara koyon tuƙi. Bai yi boko ba, allo ya yi, amma idan ka ta da inji a gabansa ya karkata kai ya saurara, kafin ku gama gaisawa ya gaya maka abin da ke damun babur ɗinka. Rumfarsa ba ta rabuwa da 'yan acaba, wasu gyara ya kawo su, wasu hira. Da wannan rumfa yake ci da iyalinsa, kuma babban jarinsa sunansa ne, don kowa ya san Baba Ilu ba ya ɗaura wa mutum ruɓaɓɓen kaya.

Yana da gwangwanayen madara guda uku da yake zuba notuna a ciki. (Mu nan komai noti ne, da namijin mai dogon jiki da zare, da macen da ake ɗaure shi da ita. Namijin nake nufi, mai kai mai kusurwa shida inda sifana ke kamawa.) Kowane gwangwani da sunansa. Akwai na tagwaye, akwai na sarki, akwai na 'yan rakiya. In shokazoba mai shanye girgizar hanya ko birki zai ɗaure, tagwaye yake ɗauka. In wurin ya fi haka shan wuya, sai ya ɗauko sarki. Murfin gefe da lambar babur da kujera kuwa, 'yan rakiya sun ishe su. Shekara da shekaru ina jin waɗannan sunaye ban taɓa tambaya ba, na ɗauka barkwancin tsofaffi ne kawai.

Ana nan, wani hutun ƙarshen zango ina kishingiɗe a inuwa bayan azahar ina latse-latsen waya, sai na ci karo da bidiyon wani bakanike na ƙasar waje, ya kawo kan noti dab da kyamara. Ashe akwai lambobi a kai. Ya nuna 4.8, ya nuna 8.8, ya nuna 10.9. Ya ce lambar ƙarfin ƙarfen ke nan, babbar lamba ta fi ƙarama ƙarfi, wanda kuma babu komai a kansa kada a amince masa a inda ran mutum ya dogara. Daidai lokacin da ya ce bari ya yi bayanin abin da ɗigon nan na tsakiya yake nufi, sai datata ta ƙare. Ko a jikina. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina koyar da ɗigo, wane ne zai zaunar da ni ya yi mini bayanin ɗigo?

Da takalmi ɗaya na fito tsakar gida. Na durƙusa gindin babur, na sa gefen rigata na goge kan notin shokazoba, sai ga 8.8 ɓaro-ɓaro. Takwas biyu a jere. Tagwaye ke nan! Na leƙa wani wurin na ga 10.9, na ce ga sarki. Na duba murfin gefe na ga 4.8, ga 'yan rakiya. Wallahi murnar da na yi ranar ko ranar da aka ba ni takardar ɗaukar aiki ban yi irinta ba. Na kira maiɗakina ta bar tukunya a wuta ta zo ta gani, ta duba ta ce ita dai ƙarfe ta gani da datti.

Daga ranar noti ya shiga raina. Na karanta na keken ɗinkinta, na karanta na injin niƙa, na karanta na ƙofar makaranta. Ranar Juma'a bayan an idar da salla na bi layin baburan da aka ajiye ina tsugunawa bayan kowanne, har wani bawan Allah ya dafa kafaɗata ya tambaye ni cikin ladabi ko babur ɗin nawa ne. (Ba nawa ba ne, na na'ibin liman ne, kuma na yi masa bayanin da bai nema ba har sai da ya ce yana da baƙi a gida.)

Laraba ta zagayo na tafi kasuwar Makarfi sayen mazarƙwaila. Na gama ke nan zan fita, sai na hango wani mai kayan ƙarfe ya baza hajarsa a ƙasa, ga wani ƙaramin baho cike da notuna sababbi fil suna ɗaukar ido. Ƙafata da kanta ta kai ni. Na ɗauki ɗaya na kai shi kusa da ido. Takwas, ɗigo, tara. Ko a bidiyon ba a nuna wannan ba. Na ce lallai sabon samfuri ne, bai ma kai ga Turawan ba ya riga ya iso Makarfi, kuma ni Allah ya nufa in fara gano shi.

Na lura ɗigon ya ɗan haura sama maimakon ya zauna a ƙasa, amma nan take na ba kaina amsa, na ce ai a tsofaffin littattafan lissafi haka ake ɗaga ɗigo, masu ilimi ne suka ƙera shi. Na tambayi mai kayan ko takwas da ɗigo tara ne. Ya dube ni ya dubi biro ɗin da ke aljihuna.

"Malam, ai kai ne mai karatu. Abin da ka gani shi ne."

Ya ƙara da cewa masu haɗa gado da baro ne suka fi saya. Ban tsaya sauraron wannan ba. Don Allah kada wanda ya zargi mutumin nan, bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Na cika aljihu biyu na hau babur, ko gida ban nufa ba, sai rumfar Baba Ilu.

Na tarar da rumfar a cike. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi iyali da makaranta da gona, ni kuwa amsawa kawai nake yi, hannuna yana cikin aljihu yana ƙaiƙayi. Ana gama gaisuwa na zaro noti ɗaya na miƙa masa, na ce ina so ya cire tagwayen da ke ƙasan shokazobata ya sa mini wannan, don ya fi su ƙarfi. Ya karɓa, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗan nisantar da shi daga idonsa irin na tsofaffi, sannan ya miƙo mini.

"Ɗana, juya shi ka gani."

"Baba, lamba ai ba a juya ta. Lissafi ba ra'ayi ba ne."

Ya sake cewa in dai juya. Maimakon in juya, sai na tsinci tsinke na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta lambobin biyu manya-manya. Na juya wajen 'yan acaban na tambaye su, tsakanin takwas da ɗigo takwas da takwas da ɗigo tara wanne ya fi. Suka haɗa baki kamar 'yan aji ɗaya suka ce mai taran. Daɗi ya ɗebe ni. A nan ne na faɗi maganar da har gobe nake jin kunyarta. Na ce Baba ya yi ƙoƙari a zamaninsa, amma yanzu zamani ya wuce gwangwanin madara, an daɗe ana ɗaura mana na biyu alhali na ɗaya yana nan a Makarfi. Aka yi dariya. Baba Ilu bai yi ba. Ya ce shi dai hannunsa ba zai ɗaura wannan a shokazobar ɗan amininsa ba, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Na ari sifana a wurin, a gabansa, na kwance tagwayen biyu na ajiye masa su a kan benci kamar mai mayar da bashin gaba. Na sa nawa, dama da hagu. Don in tabbatar wa jama'a, na zura bututun ƙarfe a ƙotar sifanar na danna da dukkan ƙarfina, har na ji notin ya yi wani laushi a hannuna. Na ce musu kun ji, ya zauna ke nan. (Miƙewa ya yi, ya kusa tsinkewa tun a lokacin. Wannan daga baya na sani.)

Magana ta bazu fiye da yadda na zata. Kafin mako biyu an ce Malam ya gano Baba Ilu ƙaramin noti yake sa wa mutane. Daga nan aka ce da gangan yake yi don a riƙa dawowa gyara. Ni ban faɗi haka ba, amma ban kuma ƙaryata ba. 'Yan acaba suka riƙa zuwa Makarfi suna tambayar notin Malam, har bahon mutumin nan ya ƙare ya sake cikawa. Baba Ilu ya yi ta gaya wa duk wanda ya tsaya cewa kada ya sa shi a birki, suka ce kishi ne. Rumfarsa ta fara yin fili. Wata rana na wuce na hango shi shi kaɗai a kan benci yana ware notuna daga wannan gwangwani zuwa wancan, babu babur ko ɗaya a gabansa. Raina ya sosu, gaskiya, amma na gaishe shi daga kan babur ban sauka ba. Maiɗakina ta ce in je in ba shi haƙuri, ko da ni ke da gaskiya. Na ce mata ilimi ba ya ba da haƙuri.

Sai ga Ciyaman Sale har gida. Shi ne shugaban 'yan acaban yankinmu, mutum ne ƙato mai fara'a, in ya hau babur ba ka ganin kujera. Ya ce za su yi taron haɗin gwiwa da na Makarfi da na Ikara, suna so in zo in yi lacca a kan noti don kare rayuka. Kafin ya rufe baki na amsa. Kwana huɗu ina shiri. Na ari ƙaramin allo daga makaranta, na sa aka wanke mini farar shadda aka yi mata guga, na tsaya gaban madubi ina gwada yadda zan ɗaga noti sama in yi shiru na ɗan lokaci kafin in faɗi lambarsa.

Ranar taron fili ya cika, babura a jere kamar ana kasuwarsu. An sa kujerun dattawa a gaba, kuma cikinsu har da Baba Ilu, don duk shekara shi suke gayyata ya buɗe musu taro da addu'a. Ya zo da wani tsohon buhu ya ajiye a gindin kujerarsa. Na je na gaishe shi, ya amsa kamar babu abin da ya taɓa faruwa, har ya ce shaddar ta yi mini kyau.

Aka kira ni, mai gabatarwa ya yi mini kirari da farfesan noti. Na jingina allo a jikin tebur, na rubuta 8.8 a gefe ɗaya, na rubuta 8.9 a ɗaya gefen, har da ɗaga ɗigon sama yadda yake a kan notin, don ni mutum ne mai amana wajen kwafi. Na yi bayani, kuma a gaskiya rabin farko daidai ne. Na ce su riƙa goge kan noti su duba lamba, kada su sa marar lamba a birki, kada ƙyalli ya ruɗe su. Aka tafa. Na ɗaga notina sama, na yi shirun nan da na gwada a madubi, na faɗi sunansa. Aka sake tafawa har da masu busa hon. Ji nake kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Sai wani ɗan acaba daga Furana ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai ƙi lissafi ba, amma hanyarsu ba ta san lissafi ba, rami ne da kwazazzabo, yana so ya gani da idonsa. Mai hankali da sai ya ce a bari wani lokaci. Ni kuwa na ce a kawo mini babur ɗina, a kawo buhun masara, kuma ina roƙon Ciyaman da kansa ya hau bayana. A gefen filin akwai gonar da aka cire amfaninta, kunyoyinta sun bushe sun yi tauri, na nuna ta na ce a kansu zan bi. Fili ya ɗauki sowa.

Aka ɗaure buhu a kariya, Ciyaman ya tattare babbar riga ya hau, babur ya yi ƙasa ya yi wani nishi. Na ba shi wuta. Mai gabatarwa ya biyo mu a guje da lasifika yana faɗin takwas da ɗigo tara, jama'a suna amsawa. Muka hau kunya ta farko muka sauka lafiya. Ta biyu ma haka, har na saki hannu ɗaya na ɗaga wa jama'a. A ta uku na ji ƙas daga dama, kafin in gane mene ne na ji ƙas daga hagu. Bayan babur ya zauna daɓas a kan taya, taya ta cije, babur ya tsaya cik. Buhu ya yi baya, Ciyaman ya bi shi, ƙafafu a sama, hula ta gangara cikin kwari. Ni kuma na yi gaba ta saman kan babur na sauka da ƙirji. Lasifikar tana kusa, saboda haka duk filin ya ji salatin Ciyaman. Na hau kunya da farar shadda, na kuma tashi da kunya iri biyu, ta gona a rigata, ɗayar a fuskata.

Allah ya kiyaye, babu wanda ya karye. Aka ɗaga Ciyaman ana kakkaɓe shi, wasu suna dariya a ɓoye, wasu sun kasa ɓoyewa. Ina zaune a ƙasa ina tofar da turɓaya, sai na ga Baba Ilu ya taho a hankali, hannu a baya. Na sadda kai ina jiran abin da na cancanta. Ya tsuguna ya kama hannuna ya jujjuya, ya tambaye ni ko na ji ciwo. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya laluba cikin ƙasa ya tsinto kan notin da ya guntule, ya hure shi, ya kama hanyar allo, jama'a suka bi shi, ni ma na bi ina ɗingishi. Bai karɓi lasifika ba. Ya kira mutum biyu ya ce su ɗaga allon su kifar da shi, sama ta koma ƙasa. Suka juya shi. Takwas biyun nan suna nan yadda suke. Ɗayar lambar kuwa, tarata ta zama shida ta dawo gaba, ɗigona da na ɗaga ya sauko ya zauna a ƙasa inda ɗigo ke zama.

"Malam, ni ban yi boko ba," in ji shi. "Karanta mana."

Mai gabatarwa, Allah ya saka masa, ya kawo lasifikar dab da bakina.

"Shida," na ce, "da ɗigo takwas."

Dariya ta fashe daga baya ta taho gaba. Baba Ilu ya jira ta lafa. Ya ce tun yana saurayi yake kwance noti, bai taɓa ganin takwas da tara sun zauna a kai ɗaya ba. Wannan mai shidan ya san shi sarai, ba mugu ba ne, a gwangwanin 'yan rakiya yake zuba shi, kujera da murfin gefe yake riƙewa. Daga nan ya ɗaga murya, karo na farko da na taɓa jin ya ɗaga ta, ya tambaya wa da wa ya sa irinsa a birki ko a shokazoba.

Hannaye suka fara tashi, ɗaya bayan ɗaya, har na daina dubawa. Mutumin Furana ma ya ɗaga. Ya ce shi a sandar birkin baya ya sa, kuma jiya-jiyan nan ya ɗauko mahaifiyarsa a kai zuwa asibitin Ikara. Dariya ta ɗauke. Nan ne na gane abin ya wuce farar shadda da sunan farfesa. Da bakina na aika mutane kan hanya da birkin da notin kujera ke riƙe da shi.

Baba Ilu ya koma kujerarsa ya jawo tsohon buhun nan ya kwance. Sifanoni ne a ciki, da gwangwanin tagwaye cike har baki. Ashe tun daga gida ya san abin da ya zo yi. Ya ce kada wanda ya ta da babur ɗinsa daga filin nan sai an canza masa. Aka yi layi. Na karɓi lasifikar da hannuna, na ce duk abin da aka ji game da Baba Ilu daga bakina ya samo asali, kuma ƙarya ne, shi ya ce in juya na ƙi juyawa. Na durƙusa gabansa a cikin jama'a na ce ya yafe mini.

"Tashi, ɗana. Riƙe mini gwangwanin nan, ka riƙa miƙo mini."

Haka na wuni har la'asar sakaliya, tsugune a gefensa da shadda mai ƙasa, ina miƙa noti. Duk wanda aka gama wa sai ya ce sannu da aiki, Malam Juya. Sunan ya bi ni har makaranta, har gida, har Ciyaman da ya yi kwana uku ana gasa masa ƙugu ya aiko a gaishe da Malam Juya. Nawa babur ɗin shi aka gyara a ƙarshe, da tagwayen nan biyu da na ajiye masa a benci, ashe ya adana su daban a aljihun rigarsa.

Da na koma gida na sa data na nemo bidiyon na kalli sauran. Minti biyu ne kacal suka rage. Ɗigon ba ɗigon lissafina ba ne ko kaɗan, lambobi biyu ne daban aka raba. Ta farko tana nuna nauyin jan da ƙarfen zai ɗauka kafin ya tsinke, ta biyu kuma tana nuna kashi nawa cikin goma na wannan nauyin zai jure kafin ya fara miƙewa ya ƙi komawa. Matakan kuma sanannu ne ƙididdigaggu, babu takwas da tara a cikinsu. Har bakaniken ya yi gargaɗi a kan masu zura bututu a sifana, kamar yana kallona. Maiɗakina tana tsaye a bayana tana kallo, sai ta ɗauki wayar ta juya ta ta miƙo mini.

Rumfar Baba Ilu ta sake cika, har ta fi da, don yanzu na Furana da na Makarfi ma suna zuwa. Na taɓa tambayarsa me ya sa ya fi son tagwaye a cikin notunansa. Ya ce shi da bai iya karatunmu ba, dole ya so lambar da ko ta ina ya riƙe ta abu ɗaya take faɗa masa.

Ni dai abin da na tsira da shi bai da yawa. In bidiyo bai ƙare ba, ban san komai ba tukuna. In kuma dattijo ya ce in juya abu, juyawa nake yi kafin in nemi tsinken rubutu. Har yau duk sanda na kai gyara, Baba Ilu ba ya ɗaura noti sai ya miƙo mini shi a gaban kowa, fuskarsa babu alamar wasa, ya ce, "Malam, karanta mana." Ni kuma sai in karɓa in juya shi sau biyu, in karanta a hankali, 'yan acaba suna jira su ji ko yau ma an samu sabon samfuri.